Marubuci Mai Buga Littafinsa da Kansa: Hanyoyin Sayarwa Daga Kaduna

Aikin littafi kashi uku ne: rubutu, da ɗab'i, da sayarwa. Masana adabin Hausa sun yi bincike mai zurfi a kan na farko, sun kuma ɗan taɓa na biyu, amma na ukun ba safai ake kula da shi ba, don ana ganinsa sha'anin 'yan kasuwa ne. Alhali kuwa littafin da ya kwana a ɗakin marubucinsa cikin kwali, kome daɗin zancensa, bai shiga adabi ba tukuna. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana yadda marubucin da ya buga littafinsa da kuɗinsa yake kai shi ga masu karatu, musamman wanda ke zaune a Kaduna, arewa da kogi.

Zamanin da hukuma ke ɗaukar nauyi

Da fari marubuci ba shi da ruwa da ciniki. A shekara ta 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labari, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da sauransu. Hukuma ce ta buga, ita ce kuma ta rarraba a makarantu. Haka aka ci gaba a zamanin Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945, da zamanin NORLA, wadda ta yi aikin littattafan Yaƙi da Jahilci har ta rushe a 1959, sa'an nan Kamfanin NNPC ya gaje su a 1966. Duk tsawon wannan lokaci babban mai saye ɗaya ne, watau makaranta. Littafin da ya shiga manhaja ya tsira, wanda bai shiga ba sai ya yi ta jira.

Yadda marubuci ya zama ɗan kasuwa

Abu biyu ne suka sake wannan tsari. Na farko, shirin ba da ilmin firamare ga kowa na 1976 ya yawaita masu iya karatun Hausa, maza da mata. Na biyu, tattalin arziki ya taɓarɓare, bayan 1986 kuma darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka taƙaita ga littattafan makaranta. Ga masu karatu sun yi yawa, ga littafin hira ya yi wuya. To, sai matasa suka shiga kai rubutunsu ga ƙananan maɗaba'u suna biya da kansu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farkon-farko a tsakiyar shekarun 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991. Wannan shi ne adabin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano.

Ko da yake an yi ta gardama a kan darajar waɗannan littattafai, dabarunsu na ciniki abin nazari ne. Sukan raba labari kashi biyu ko uku, kowane kashi ɗan siriri mai araha, a tsayar da shi daidai inda mai karatu ya ƙagu ya ji ƙarshe. Kuɗin kashi na ɗaya shi ke buga na biyu. Marubutan ƙungiyar Raina Kama ta Kano sukan jera sunayen littattafan junansu a cikin kowane littafi, watau kowane ɗaya ya zama tallar 'yan'uwansa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Har wa yau akwai masu ba da hayar littafi a unguwanni, da matan aure masu ara wa juna, ta haka kwafi ɗaya yakan ratsa gidaje da dama. Haya ba ta kawo wa marubuci ko kwabo, amma tana kawo masa suna, sunan kuwa shi ke sayar da littafi na gaba.

Matsayin Kaduna

Manyan dillalan littattafan nan a Kano suke, kuma daga can kaya ke bazuwa zuwa Sakkwato da Katsina da Maraɗi da Damagaram. Kaduna ba ta taɓa yin kasuwar littafi irin wannan ba. Abin da take da shi murya ce. Tun da ta zama hedkwatar Jihar Arewa har zuwa 1967, a nan aka tara kafofin watsa labari. An buɗe Rediyon Kaduna a 1962, wanda ake ji har ƙetaren iyakar Nijeriya, kuma a shirinsa na Shafa Labari Shuni an karanta labaran matasa da yawa, wasu tun suna rubutun hannu. Jaridar New Nigerian ta fara fita a 1966, a shafinta na adabi kuma, wanda Ibrahim Sheme ya kula da shi, aka yi doguwar muhawara a kan littattafan soyayya cikin shekarun 1990. A Kaduna aka fara Weekly Trust a 1998, da mujallar Fim a 1999. Ko sukar da aka yi wa littattafan a jarida ta ƙara sa mutane neman su.

Saboda haka marubucin Kaduna da ya san abin da yake yi yakan raba aikinsa biyu: ya yi shela a Kaduna, ya kai kaya Kano. Wanda ya tsaya ga shagunan Kasuwar Shehu Abubakar Gumi da na titin Ahmadu Bello kaɗai, zai sayar wa mutanen gari ne kurum. Wanda kuma ya kai Kano ba tare da an taɓa jin sunansa ba, dillali zai ajiye kayansa a ƙarƙashin tebur, don dillali ba ya tallar abin da ba a tambaya. Tsakanin biranen biyu kuwa hanya ɗaya ce ta Zariya, kuma tun da daɗewa direbobin tashar Kawo suke ɗaukar saƙo zuwa can.

A cikin garin ma akwai wuraren da masu karatu ke taruwa da kansu. Akwai Kwalejin Fasaha ta Kaduna a Tudun Wada, da Jami'ar Jihar Kaduna wadda aka kafa a 2004, da Cibiyar Malamai ta Ƙasa, da Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, inda ake yawan ƙaddamar da littattafai. A 2017 kuma aka fara bikin littattafai da fasaha na Kaduna. Sai dai a lura da bambancin ƙaddamarwa da sayarwa. A wurin ƙaddamarwa masu hali sukan sayi kwafi kaɗan da kuɗi mai yawa don girmama marubuci. Wannan yakan mayar masa da jarinsa, amma ba ya samar masa masu karatu, kuma ba a ƙaddamar da littafi ɗaya sau biyu.

Lissafin da ya wajaba

Inda marubuta suka fi karyewa shi ne wajen bashi. Al'adar kasuwar ita ce dillali ya karɓi kaya, sai ya sayar ya biya. Alal misali, a ce mutum ya buga kwafi 1000, kuɗin ɗab'i ya cinye rabin farashin kowane kwafi, dillali kuma ya ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu. To, abin da ke shigo masa a kowane kwafi kashi uku ne cikin huɗu, ke nan sai an sayar da kwafi 667, an kuma biya shi, kafin uwar kuɗinsa ta dawo. In ya rarraba kayan ga dillalai goma ba rubutu, uku suka yi shiru, ya yi hasara ko da littafin ya karɓu. Wannan ne ya sa waɗansu marubuta suka koma sayar da rubutunsu ɗungum ga 'yan kasuwa, su karɓi kuɗi sau ɗaya, riba kuwa ta zama ta mai bugawa har abada.

Maganin abin ba boyayye ba ne. Marubuci ya fara da bugu kaɗan, in ya ƙare ya sake. Kada ya ba dillali kaya na biyu sai ya biya na farko. Kowane kwali da ya fita a rubuta adadinsa da ranarsa, a sa hannu. Ya nemi lambar littafi ta duniya daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, ya kuma ajiye kwafin da doka ta ce a can, domin shi ne shaidarsa ran da wani ya saci littafin. In zai sayar da rubutunsa, ya sayar da izinin bugu ɗaya, ya riƙe haƙƙin mallaka a hannunsa.

Zamanin waya

Tun daga ƙarshen shekarun 1990 fim ya janye marubuta da masu karatu da dama, daga baya kuma wayar hannu ta zo. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Yanzu marubuta da yawa, galibinsu mata, a WhatsApp da Facebook da Wattpad suke sakin labari, babi bayan babi. Sukan ba da farkon kyauta, in labari ya kama mutum sai ya tura kuɗi ta banki a sa shi cikin zauren masu biya. Waɗansu kuma ana karanta labaransu da murya a YouTube. Mai lura zai ga tsohuwar dabara ce cikin sabuwar riga: babin kyauta ya tsaya a matsayin kashi na ɗaya, karatun YouTube ya gaji na rediyo, zauren waya ya gaji aron littafi tsakanin gidaje.

Wannan hanya ta raba marubuci da kuɗin takarda da bashin dillali, ta kuma rage wa marubucin Kaduna dogaro ga Kano. Amma tana da nata haɗari. Mutum ɗaya ya biya, ya tura wa mutum ɗari. Dandalin ma da aka dogara gare shi yana iya rufewa, kamar yadda OkadaBooks, wanda aka kafa a 2013, ya rufe a 2023. Don haka marubuci ya riƙe sunayen masu sayensa a wurinsa, ya kuma buga labarin da ya karɓu a takarda, ko kwafi kaɗan ne, don makarantu da ɗakunan karatu.

Abin da ya shafi malamai

Akwai darasi biyu a nan ga masu koyar da Hausa. Na ɗaya, hanyar sayarwa tana shafar siffar rubutu. Tsawon littafi, da wurin da ake yanke labari, da yawan maganar soyayya da zaman aure, duk suna da alaƙa da wanda ke saye da yadda yake biya. Ɗalibin da bai san wannan ba zai ɗora wa marubuci laifin abin da kasuwa ta tilasta masa. Na biyu, littattafan nan masu saurin ɓacewa ne, na waya kuwa sun fi saurin. Babban tarin da Graham Furniss ya yi yana Landan. Ya kamata kowace kwalejin horon malamai ta riƙa sayen abin da marubutan garinta suka buga, tana rubuta shekara da maɗaba'a da farashi. Ta haka an taimaki marubuci da ciniki, an kuma tanadar wa masu bincike na gaba abin da za su dogara a kai.