Dalilin da ya sa koyon baƙon harshe ta hanyar jimloli ya fi haddar ɗaiɗaikun kalmomi

Ɗalibai da dama a Najeriya kan shafe shekara shida a makarantar sakandare suna koyon Turanci, wasu har da Faransanci ko Larabci, suna cika littattafansu da jerin kalmomi da ma'anoninsu. Amma ranar da aka buƙaci su yi magana, a gaban masu tantance neman aiki ko a filin jirgin sama na wata ƙasa, sai baki ya yi nauyi. Masana ilimin harsuna na danganta wani ɓangare na wannan matsala da yadda ake koyon kalma ita kaɗai, a raba ta da kalmomin da take tafiya tare da su.

Hausa kanta ta isa misali. Baƙon da ya haddace cewa "ci" na nufin sanya abinci a baki zai rikice idan ya ji an ce wane ya ci amana, ya ci jarrabawa, ya ci bashi, ko an ci shi tara. Ma'anar na cikin haɗuwar kalmomin, kuma ba a sanin ta sai an koye su a dunƙule.

Haka lamarin yake idan Bahaushe ya juya ga wani harshe. Saboda ya saba da "shan magani", sai ya ce "drink medicine", alhali Bature "take medicine" yake cewa. Inda Bahaushe ke cewa "ina jin yunwa", Bafaranshe "j'ai faim" yake cewa, wato "ina da yunwa". Wanda ya san kowace kalma daban zai iya haɗa jimlar da ba ta saɓa wa nahawu ba, amma masu harshen ba sa faɗinta haka.

Bincike ya daɗe yana nuni ga wannan. A shekarar 1956, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, George Miller, ya bayyana cewa abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda bai wuce abubuwa bakwai ko kusa da haka ba, sai dai idan an tattara su rukuni-rukuni. Shi ya sa ake karanta lambar waya mai alƙaluma 11 kashi-kashi. Mai magana da ke ɗauko jimla a shirye yana rage wa ƙwaƙwalwarsa aiki, ya samu sararin tunanin abin da zai faɗa a gaba.

A shekarar 1983, Andrew Pawley da Frances Syder sun yi bayanin cewa saurin maganar 'yan asalin harshe ya dogara ne da ɗimbin shiryayyun furuci da suka adana a kai. John Sinclair na Jami'ar Birmingham da ke Ingila, wanda ya jagoranci aikin ƙamusun COBUILD da ya fito a 1987, ya yi amfani da kwamfuta wajen nazarin miliyoyin kalmomin Turanci, ya kuma nuna yadda wasu kalmomi ke yawan zuwa tare. A 1993 ne Michael Lewis ya wallafa littafinsa mai suna The Lexical Approach, inda ya nemi malamai su mayar da irin waɗannan furuci ginshiƙin darasi.

Ga mai son bin wannan hanya, mataki na farko shi ne ya fara da buƙatarsa. Ɗan kasuwar da ke zuwa Kwatano ya fi buƙatar yadda ake tambayar farashi da neman ragi, maniyyaci kuma yadda ake tambayar hanya ko asibiti da Larabci.

Na biyu, ya fifita jimlolin da ke da gurbin sauyi. Wanda ya iya "je voudrais", wato "ina so" cikin ladabi, zai iya ɗora ruwa, tikiti ko ɗaki a bayanta, ya samu jimloli masu yawa daga tushe guda.

Na uku, duk sabuwar kalmar da ya tsinta a rediyo ko jarida, ya rubuta ta tare da jimlar da ya same ta a ciki, ya riƙa furta ta a bayyane. Tun a 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, don haka maimaici a rarrabe, yau da gobe da mako mai zuwa, ya fi zama guda mai tsawo amfani.

Sai dai wannan ba ya nufin a yi watsi da nahawu. Wanda ya tsaya ga hadda kaɗai zai iya yin tambaya daidai, amma ya kasa fahimtar amsar da aka ba shi. Akwai kuma batun sanin wurin da kowane furuci ya dace: a Faransanci, "tu" na aboki ne da yaro, "vous" kuma na babba da baƙo, kuma musanya su na iya zama rashin ladabi. Bayan jimla ta zauna a baki, sai a warware ta a ga yadda aka gina ta.

Wannan buƙata ta jin harshe a bakin masu amfani da shi na daga cikin dalilan da suka sa Gwamnatin Tarayya ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry da ke Jihar Legas a 1991, da na Larabci a Ngala da ke Jihar Borno a 1992, domin ɗaliban jami'o'i. Wanda bai samu zuwa can ba yana da rediyo da wayar hannu. Idan ya riƙe jimla uku a kowace rana, ya kuma nemi wanda zai faɗa wa su, a shekara guda zai tara fiye da 1,000.