Rarraba Ruwan Zafi a Gidajen Ƙasashen Sanyi

A ƙasashen da sanyi ke tsananta, kamar Kanada, tukunya guda ce ke dafa ruwan da ake ɗumama gida da shi. Amma fa hanyoyin ruwan ba zafi ɗaya suke bukata ba. Bututun da ke bin gindin bango yana son wajen digiri 80 a ma'aunin Salsiyas, wanda aka binne cikin daɓe kuwa wajen 45 ya ishe shi. In ya zarce haka, daɓe ya ƙi takuwa, katako ya tsage.

Saboda haka akan raba hanya biyu, kowace da injin tura ruwanta. A bakin hanyar daɓe akan sa bawul mai surka ruwan zafi da wanda ya huce ya komo. To, amma idan ruwan da ke komawa tsohuwar tukunyar ƙarfe ya gaza digiri 55, hayaƙi yakan yi raɓa a cikinta, tsatsa ta ci ta. Maganin wannan shi ne a ƙara masa ruwan zafi kafin ya shiga. In an kiyaye waɗannan ma'aunai, gida ya yi ɗumi, tukunya kuma ta yi ƙarko.