Tsuntsun Da Masu Haƙa Hanyar Jirgi Suka Tono

Malaman makarantun Ikara da Makarfi da Kudan, ga labarin da muke so ku kai wa yaranku. Sa'ad da ake haƙa hanyar jirgin ƙasa ta Fatakwal, sai aka tono wani ƙashi da ya zama dutse a Ameki, kusa da Umuahia. A 1916 wani masani a Ingila, C. W. Andrews, ya duba shi ya ce ƙashin ƙirjin wani tsuntsun teku ne, ya raɗa masa suna Gigantornis eaglesomei don girmama Sir John Eaglesome, babban jami'in reluwe.

Ƙashin ya yi shekara wajen miliyan 45. Masana sun ƙiyasta in tsuntsun ya buɗe fikafikansa zai kai ƙafa 20, watau babu mai rai yau da ya kama ƙafarsa. Danginsa suna da tsinin ƙashi jere a baki kamar haƙora, don kada kifi ya suɓuce musu.

Amma kada ku tura yara neman irinsa a duwatsunmu, gama narkakken dutse ne ya daskare, ba ya ajiye ƙashi. Sai wajen Dange da Wurno a ƙasar Sakkwato, inda teku ta taɓa kwanciya, can ake tsintar haƙoran kifi da ƙasusuwan kada.