Kafa sabar hira a Katsina: abin da Matrix ke magancewa da abin da ya fi ƙarfinsa

Ranar Litinin 4 ga Oktoba, 2021, bayan la'asar, WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. A GRA da ke birnin Katsina sabis na nan lafiya lau, data na nan, amma saƙo ya ƙi tafiya, mutane na ta kashe waya suna kunnawa. Lokacin ma Twitter na rufe tun watan Yuni bisa umarnin gwamnatin tarayya, bai dawo ba sai Janairun 2022. Matsalar iri ɗaya ce: hirar miliyoyin mutane ta ƙofar kamfani guda take bi.

Matrix tsari ne da ya raba wannan ƙofa. Matthew Hodgson da Amandine Le Pape suka faro shi a 2014, kuma yana aiki ne kamar imel: yadda mai Gmail ke aika wa mai Yahoo wasiƙa, haka mai asusu a wata sabar Matrix ke hira da na wata sabar daban. Kowa na iya kafa tasa. Adireshin mutum kan zama kamar @aisha:misali.ng, ɓangaren ƙarshe shi ne sunan sabarsa. Ba wasan yara ba ne, domin a kansa gwamnatin Faransa ta gina Tchap, manhajar hirar ma'aikatanta, rundunar sojin Jamus ma da shi take aiki. A waya, manhajar da aka fi sani ita ce Element, kuma ba ta neman lambar waya dole.

Tambayar farko ga mai son kafawa ita ce ina sabar za ta zauna. A gidan da ke da sola da inbata, kamar yadda ake samu a GRA, tsohuwar laftof da aka sa wa Ubuntu ko Debian za ta iya ɗaukar hirar iyali ko ta ƙaramin ofis. Sai dai akwai tarko. Intanet na layin waya galibi ba ya ba mutum adireshin IP nasa shi kaɗai, ana raba guda ɗaya ne tsakanin masu amfani da yawa, don haka na waje ba zai iya iso ga laftof ɗin ba. Shi ya sa hayar ƙaramar sabar a intanet, wadda ake kira VPS, ta fi sauƙi ga sabon shiga, ko da yake da dala ake yawan biya duk wata.

Daga nan sai sayen sunan yanki, na .ng ko waninsa, sannan a girka Synapse, manhajar sabar da aka rubuta da Python. Saitunanta na cikin fayil ɗin homeserver.yaml, kuma a nan ne ake tafka kuskuren da ba ya gyaruwa: da zarar an zaɓi server_name aka buɗe asusu, ba a canja shi sai dai a rushe komai a sake. A yi tunani sosai kafin a rubuta. Synapse na zuwa da rumbun SQLite, wanda ya isa gwaji kawai. Aikin gaske sai PostgreSQL, kuma gara a fara da shi tun ranar farko. Sai a sa Nginx ko Caddy a gaba, a karɓi takardar tsaro kyauta daga Let's Encrypt, a buɗe ƙofa ta 443 ga wayoyi, ta 8448 kuma ga sauran sabobi. Kiran murya da bidiyo na buƙatar ƙarin saiti na daban, ana iya barinsa sai an zauna da gindi.

Rajista a rufe take tun asali, kuma a bar ta haka. Sabar da aka buɗe wa kowa nan da nan masu saƙonnin banza ke cika ta. Mai sabar ya buɗe wa mutanensa asusu da umarnin register_new_matrix_user. Haka nan shiga manyan zauruka masu dubban mutane na cinye RAM, har ƙaramar sabar ta durƙushe.

Nauyin da kamfani ke ɗauka a da ya dawo kan mutum ɗaya. Shi zai riƙa sabunta manhaja, shi zai adana kwafin rumbu a wani wuri, shi za a kira da tsakar dare idan saƙo ya tsaya. Hirar mutum biyu a kulle take daga waya zuwa waya, ko mai sabar ba ya iya karanta ta, amma yana iya ganin wa ya yi magana da wa da kuma yaushe. Wanda ya yar da waya bai ajiye mabuɗin dawo da saƙonni da Element ke bayarwa ba, tsoffin saƙonninsa sun tafi.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin Matrix. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindiga, ciki har da Jibiya da Batsari da Funtuwa. A irin wannan hali sabar da ke GRA ba ta da amfani ga ɗan'uwan da ke Batsari, tunda hanyar isa gare ta ce aka yanke. Iyakar abin da zai ci gaba da aiki ba intanet shi ne sabar da ke cikin gida, idan an saita ta don haka, tsakanin wayoyin da ke kan Wi-Fi ɗaya da ita.