Mece ce Jarabar Giya, Kuma Yaya Ake Auna Ta?

Tun da hukumar NAFDAC ta sanar da haramta giyar leda a 2024, ake yawan ambaton jarabar giya a Abuja, wato halin da mashayi ke kasa dainawa ko da yana ganin illa a jikinsa da iyalinsa. Alamominta sun haɗa da ƙara yawan sha kafin a bugu, da rawar hannu da gumi da sassafe. Ma'aunin AUDIT na Hukumar Lafiya ta Duniya, mai tambayoyi 10, yana ɗaukar maki 8 a matsayin haɗari, 20 kuwa alamar kamuwa ce. Wanda ya kamu sosai kada ya daina farat ɗaya sai da kulawar likita, kamar a Asibitin Ƙasa, domin jijjiga mai kisa tana iya biyowa.