Jinyar Kafaɗa Bayan Aikin Tiyata: Bayani ga Jama'ar Karkara da Shugabanninsu

Daga cikin waɗanda ake yi wa tiyata a kafaɗa akwai manoma, da 'yan dako, da masu jan ruwa a rijiya, da kuma waɗanda suka faɗi daga kan babur kafaɗarsu ta goce. Da yawa daga cikinsu kan ɗauka cewa da zarar an cire zare, ciwo kuma ya lafa, to magana ta ƙare. Muna so jama'a su sani cewa a lokacin ne jinyar take farawa, kuma takan ɗauki watanni.

Kan ƙashin damtse yana zaune ne a wani gurbi marar zurfi a jikin allon kafaɗa, kamar tulu a kan gammo. Gammon nan shi ne zoben guringuntsin da ya kewaye bakin gurbin, sannan akwai jijiyoyin tsoka guda 4 da suka lulluɓe gaɓar suna riƙe da ita. Idan jijiya ta yage, ko zoben ya ɓalle, likita kan ɗinke su a jikin ƙashi da zare da wasu 'yan ƙananan ƙusoshi. Zaren riƙo kawai yake yi. Kafin jijiya ta kama ƙashi sosai ana buƙatar kimanin mako 12, alhali fata kan haɗe cikin mako 2. A nan ne ake samun ruɗani, domin waje ya warke amma ciki ɗanye ne.

Wanda ke jagorantar jinyar shi ne ma'aikacin sashen gashin ƙashi, wanda a asibiti ake kira fisiyo. Sunan "gashi" kan sa wasu su zaci ruwan zafi da tsumma ake nufi. Ainihin aikin motsa gaɓa ne daki-daki bisa ƙa'ida, kuma a Nijeriya akwai hukumar da dokar 1988 ta kafa domin yi wa masu wannan sana'a rajista. Ana samun irin wannan sashe a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.

A mako 4 zuwa 6 na farko, hannu yana cikin maratayi dare da rana, ba a cirewa sai don wanka ko motsa jiki. Majinyaci ba ya ɗaga hannun da ƙarfin kansa. Ma'aikaci ne ke ɗaga masa, ko kuma ya sunkuya ya saki hannun yana lilo a hankali idan likita ya yarda. Sai dai ana so ya riƙa motsa yatsu da wuyan hannu kullum don kada su sandare. Barci a kishingiɗe da matashi a baya ya fi sauƙi. Wanda aka ɗinke wa zoben guringuntsi saboda gocewa ana taƙaita masa juya hannu zuwa waje, idan kuma ɗinkin a saman zoben yake, ana hana shi ɗaukar ko da buta cike da ruwa. Ga mata kuwa, kai hannu baya don ɗaura zanen goyo yana cikin abubuwan da ake hanawa a wannan lokaci, don haka dole a samu mai taimakawa da jariri.

Daga mako na 6 zuwa na 12 ake ajiye maratayi, majinyaci ya fara ɗaga hannun da taimakon ɗayan, ko da sanda, ko ta hawa bango da yatsu. Ƙarfafa tsoka da igiyar roba kan biyo baya, galibi bayan wata 3. Aikin ƙarfi kuwa, wato noma da fartanya, da daka, da jan guga, da ɗora kaya a ka, yawanci sai bayan wata 6, wani lokaci ma fiye, gwargwadon girman yagewar da shekarun mutum. Waɗannan ƙididdiga ce ta gaba ɗaya, umarnin likitan da ya yi aikin shi ne a gaba.

Haɗarin iri biyu ne. Wanda ya yi gaggawa yana iya tsinka ɗinkin, kuma akasarin sake yagewa cikin wata 6 na farko take faruwa. Wanda kuma ya ƙi motsa hannun don tsoro, kafaɗar kan ƙage har ya kasa sa riga da kansa. Masu ciwon sukari sun fi fuskantar wannan ƙagewar, shan taba kuma yana jinkirta warkewar jijiya. Har ila yau, muna jan hankalin jama'a da kada a kai kafaɗar da aka ɗinke wurin maɗori domin ja ko murza, komai ƙwarewarsa, domin abin da ke ciki ba karaya ba ce.

A ganinmu, abin da ya fi dacewa ga manomi shi ne, idan aikin ba na gaggawa ba ne, ya tattauna da likita a kan yi masa bayan an kammala girbi, wajen Nuwamba ko Disamba, ta yadda watannin jinya za su faɗo cikin rani. Wanda aka yi wa aiki a Afrilu kuwa, da wuya ya riƙe fartanya a daminar wannan shekara. A nan muke kira ga dagatai da masu unguwanni da su shirya masa gayya, ga jami'an lafiya na ƙananan hukumomi kuma da su bibiyi ko yana zuwa asibiti a ranakun da aka sa masa. Mai nisan gida ya roƙi ma'aikacin gashi ya koya wa wani ɗan'uwansa motsin da za a riƙa yi a gida.

A koma asibiti ba tare da jiran ranar alƙawari ba idan an ga zazzaɓi, ko ruwa ko mugunya na fita daga wurin ɗinkin, ko yatsu sun mutu, ko kuma an ji wani abu ya tsinke a kafaɗar ciwo ya dawo sabo.