Kafin Rana Ta Faɗi: Neman Zango a Hanyoyin Ruwan Ingila

A tsakiyar Ingila akwai wasu hanyoyin ruwa da suka ratsa gonaki da birane, wani wurin ma suka huda dutse suka wuce, amma ba koguna ba ne. Mutane ne suka haƙa su da diga da shebur fiye da shekara 200 da suka wuce, suka kwaɓa yumɓu suka shafe gindinsu don kada ruwan ya tsiyaye. Wadda ta share wa sauran fage ita ce ta Bridgewater, da aka buɗe a 1761 domin kai kwal daga Worsley zuwa Manchesta. Tana fara aiki farashin kwal a birnin ya sauko da kusan rabi, nan da nan masu kuɗi suka shiga haƙa ta ko'ina. A lokacin doki ɗaya, yana tafe a gaɓa da igiya, yana jan jirgi mai ɗauke da kayan da suka haura tan 20.

Jirgin ƙasa ya zo ya ƙwace kasuwar, manyan motoci suka ƙarasa abin da ya rage. Da yawa daga cikin hanyoyin sun cike da laka da shara, har wani marubuci, L.T.C. Rolt, ya fitar da littafinsa Narrow Boat a 1944, mutane suka farga da abin da suke shirin rasawa. A 1946 aka kafa ƙungiyar ceto hanyoyin, 'yan sa kai suka yi ta yashe su shekara da shekaru. Tun 2012 wata gidauniya mai suna Canal & River Trust ce ke kula da kimanin mil 2,000 na waɗannan ruwaye a Ingila da Wales. Yanzu ba kwal ake ɗauka ba. Masu hutu ne a ciki, da kuma mutanen da jirgin ya zame musu gida.

Ina zaune da iyalina a Coventry, kuma a gefen garin ne hanyar ruwa ta Oxford ta fara, daga mahaɗar Hawkesbury, ta miƙa mil 78 zuwa kudu. A kanta muka saba yin hutun bazara cikin jirgin haya. Jirgin na ƙarfe ne, faɗinsa ƙafa 6 da inci 10 kacal, tsawonsa kuwa yana iya kaiwa ƙafa 70. A ciki akwai gadaje, da murhun gas, da banɗaki, duk a jere. Ba a neman lasisin tuƙi. Masu hayar za su nuna maka yadda ake sarrafa sandar tuƙi, su raka ka ɗan nesa, su sauka su bar ka da tan 15 ko fiye na ƙarfe wanda ba shi da birki. In kana son tsayawa, sai ka juya farfela baya ka jira.

Iyakar gudun da doka ta yarda da shi mil 4 ne a awa, kuma da wuya ka kai hakan. Mai tafiya a ƙasa da ɗan sauri zai wuce ka, ya ɗaga maka hannu. A kan titi Turawan Ingila hagu suke bi, amma a ruwa dama ake bi. Wannan duk yaro ɗan sakandare zai iya koya kafin azahar. Abin da ke ɗaukar lokaci kafin mutum ya ƙware a kai, kuma shi ne ke raba tafiya mai daɗi da ta wahala, shi ne sanin inda za a tsaya a kwana.

Kakanninmu fatake sun san wannan. Madugu ba ya bari duhu ya riske ayari a dawa. Tun rana tana sama yake lissafin zango, inda akwai ruwa, inda akwai mutane, inda ba a yi ƙaurin suna da ɓarayi ba. Haka lissafin yake a nan. Matuƙa suna da wata dabara ta auna tafiya: ka haɗa yawan mil da yawan matakan ruwan da ke gabanka, ka raba uku, abin da ya fito shi ne kimanin awannin da za ka ci.

Matakan ruwa su ne yadda jirgi ke hawa tudu. Kowane mataki wani dogon ɗaki ne na tubali mai ƙofa gaba da baya. Ka shiga, a rufe ƙofa, a murɗa wani ƙarfe ruwa ya shigo ya ɗaga jirgin, ko ya fita ya sauke shi. Kowanne yana cin kusan kwata na awa. A Napton akwai guda 9 a jere, a Tardebigge kusa da Birmingham kuwa 30 ne. Wanda ya fara hawan irin wannan jeri bayan la'asar sakaliya ya jawo wa kansa, domin ba a kwana a tsakanin matakai biyu da ke kusa da juna. Ruwan da ke tsakaninsu kaɗan ne, ƙofofin katako ne kuma suna yoyo. Kafin asuba ruwan na iya zurarewa, ka farka jirgi ya zauna a laka ya karkace, kwanuka suna zubowa daga kanta, igiyoyi sun ɗaure tamau. Na ga iyalin da hakan ta faru da su, suna tsaye a gaɓa da kayan barci suna jiran a sako musu ruwa daga sama.

Ni dai tun kafin la'asar nake fara duba gaɓa. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, kuma wannan tsawon yini yana ruɗin baƙo, ya ga kamar da sauran lokaci. Amma wurare masu kyau tun ƙarfe 3 ko 4 suke cika. Kamfanonin haya kuma sun hana tafiya bayan duhu, hanin da nake goyon baya ɗari bisa ɗari. Duk wanda ke bin labarin kifewar jirage a Kogin Neja, wajen Kebbi da Neja da Kwara, ya san sau nawa ake cewa cikin dare abin ya faru.

Doka ta farko mai sauƙi ce. Gefen da tsohuwar turbar dawaki take, nan ake ɗaure jirgi. Ɗaya gefen yawanci gonar wani ce ko bayan gidansa. A gefen turbar ma akwai wuraren da ba a tsayawa: bakin mataki, inda masu shiga da fita ke sauke mutum ya buɗe ƙofa, gaban famfon da jirage ke ɗiban ruwa, ƙarƙashin gada ko dab da ita, kan kwana mai kaifi, da wuraren da aka faɗaɗa domin dogon jirgi ya juya. Wanda ya toshe majuya ya tilasta wa wani tafiyar awa guda ko fiye kafin ya sami wata. A ganina babu rashin kirkin da ya kai wannan a kan ruwa.

Bayan doka sai ido. Abin da na fi so in gani shi ne gaɓar da aka tokare da faifan ƙarfe, domin a nan ruwa yakan yi zurfi har baki, kuma akwai inda za ka saƙala ƙugiya ko sarƙa. A garuruwa ana samun zobba na ƙarfe a kafe cikin siminti. Inda babu ko ɗaya sai turke. Kowane jirgi yana ɗauke da turakun ƙarfe da guduma. Ana kafa turken a karkace, kansa yana kallon nesa da ruwa, igiyar gaba ta yi gaba, ta baya ta yi baya, kowacce a gicciye, yadda jirgin ba zai riƙa kai da komo ba. Akwai igiya ta uku da ke ɗaure a rufin jirgi, wadda ake riƙe shi da ita na ɗan lokaci. Ba a kwana da ita a ɗaure, don in wani jirgi ya wuce, daga sama za ta finciko naka ya tangaɗa. Sannan ka rufe kan turken da wani abu mai haske, ko farar leda ce, saboda masu keke da masu yawo da kare da ke bin turbar da duku-duku. Igiya kuwa ko kusa kada ta tsallaka hanyar mutane.

Ƙasa mai laushi bayan ruwan sama ba ta riƙe turke. Jirgi mai wucewa da gudu yana janye ruwan da ke ƙarƙashin naka, ya tsotso shi gaba ya mayar da shi baya, turke ya tumɓuke. Shi ya sa ake rage gudu zuwa mafi ƙaranci duk lokacin da za a wuce jiragen da ke ɗaure. Wani dattijo da muka yi maƙwabtaka da shi a Cropredy, wanda ya ce a jirgi ya tsufa, shi ya nuna wa ɗana yadda ake kafa turke biyu a gicciye in ƙasa ta jiƙe. Da safe ya zo ya taɓa igiyarmu da ƙafa, ya gyaɗa kai, ya wuce.

Wurin da na fi ƙauna shi ne ƙololuwar hanyar, tsakanin Marston Doles da Claydon. James Brindley, injiniyan da ya tsara ta, ba ya son yanka tudu, sai ya bi gefensa. Saboda haka ruwan yana ta lanƙwasa har kimanin mil 11 a tazarar da tsuntsu zai yi a kusan rabin haka. Babu mataki ko ɗaya a tsakani, babu gari sai gonaki da tumaki. Ga Musulmi akwai wani ƙarin aiki a nan: alƙibla daga Ingila kudu maso gabas take, amma da yake hanyar tana juyawa ta kowace fuska, inda ka fuskanta da azahar ba nan za ka fuskanta da magariba ba. Sai an gama ɗaure jirgi nake duba ta, kuma in gaɓa a bushe take da faɗi, na fi son shimfiɗa darduma a kan ciyawa.

Sai dai daji yana da nasa sharaɗi. Kafin in kashe inji nakan tabbatar na san lambar gadar da ta fi kusa, domin kowace gada tana da lamba a jikinta, kuma da ita za ka yi wa motar asibiti kwatance in wani ya kamu da ciwo cikin dare. Nakan ɗaga kai in duba ko akwai busasshen reshe a samanmu. Nakan kuma saurara. A kwarin Cherwell layin dogo yana bin ruwan kafaɗa da kafaɗa, babbar hanyar M40 ma tana tsallaka shi kusa da Banbury, wurin da ya yi kyau a ido yana iya hana ka runtsawa.

A gari lissafin daban ne. Tsakiyar Banbury akwai zobba, da fitilu, da kasuwa dab da ruwa, ga masallaci da shagunan naman halal ba nisa. Irin waɗannan matsayai masu farin jini akan iyakance su, sau da yawa kwana biyu, kuma an rubuta a allo. Abin da nake gudu shi ne gefen gari, inda babu gidaje babu fitila. Alamomin ba su ɓuya: fasassun kwalabe, bencin da aka ƙona, bango cike da rubuce-rubucen fenti, sannan babu jirgi ko ɗaya a wuri mai kyan tsayawa. In ka ga matuƙa sun bar fili irin wannan, da dalili. Gara in matsa kusa da wasu jirage biyu ko uku, in yi musu sallama, in tambaye su yadda daren jiya ya kasance. Ba na kuma kwana a ƙofar gidan giya, ko da zobban wurin sun fi na ko'ina kyau, domin wanda ya sha ya yi tatil yana iya kwance maka igiya don wasa. Maganin wannan shi ne ka zura igiyar ta cikin zobe ka dawo da ita ka ɗaure a kan jirgi, ko ka ƙara da sarƙa da kwaɗo.

Maƙwabtaka tana da haƙƙi. Daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe ba a kunna inji ko janareta kusa da mutane. Haɗarin da ya fi ɓarawo kisa kuwa a cikin jirgin yake: iskar guba marar wari da ke fita daga gawayi, ko murhu, ko janareta. Tun 2019 aka wajabta sa na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iska a jiragen da ake kwana a ciki. Mu da muka saba shigar da kaskon wuta ɗaki lokacin hunturu ya kamata mu fi kowa kiyayewa, kada a shigo da garwashin gashi cikin jirgi ko da ya yi kamar ya mutu.

Kudu da Banbury hanyar tana haɗuwa da Kogin Cherwell a wurare biyu, kuma a nan dokoki suke sauyawa. Akwai allon awo a bakin mataki mai launi kore, da ruwan ɗorawa, da ja. In ruwa ya kai ja, ka ɗaure ka jira, ko kwana nawa ne. A kogi ba a ɗaure igiya tamau, sai an bar mata sarari, domin ruwan sama da aka yi can nesa yana iya ɗaga kogin cikin dare. A Kogin Thames, wanda ake shiga daga Oxford, lasisin jirgin daban ne, ana bukatar anga, kuma gaɓa da yawa tana da masu ita da ke karɓar kuɗin kwana.

Mu masu hutu muna gama kwanakinmu mu mayar da jirgi. Waɗanda neman zango ya zame wa aikin kullum su ne masu zama a jirgi ba tare da matsaya ta dindindin ba. Wata doka ta 1995 ta ba su izinin hakan, da sharaɗin kada su wuce kwana 14 a wuri ɗaya. A Landan, inda kuɗin haya ya kori mutane da yawa zuwa kan ruwa, za ka ga jirage an ɗaure su biyu-biyu, ɗaya a jikin ɗaya, na waje sai ya taka ta kan na ciki kafin ya sauka. Cikinsu akwai ma'aikatan jinya, da malaman makaranta, da masu yara 'yan firamare. Duk mako biyu sai sun kwance igiya, sun nemi wani gurbi da bai yi nisa da wurin aiki da makaranta ba, sun cika tankin ruwa, sun zubar da na banɗaki, har a watan Disamba da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4.